Yadda za ka yi bincike kan ƙarar jirgi da hayaƙinsa a unguwannin kusa da filin jirgin Abuja

Wata ƙanwata da ke ajin ƙarshe a jami'a ce ta kawo mun taken furojet ɗinta in duba mata, wai tasirin jiragen sama ga muhalli a Najeriya. Na ce mata toh Najeriya gaba ɗaya a wata huɗu, da kuɗin aljihunki? Muka zauna muka yi ta rage shi har ya koma tambaya ɗaya, wato mutumin da ke kwana a ƙarƙashin hanyar saukar jirgi a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ƙarar da yake sha ta kai nawa, kuma nawa ne daga cikinta na jirgi, nawa ne na janareta da tirela da injin niƙa. Ni na zauna Lugbe shekaru, na yi irin wannan aikin kuma na taya wasu, kuma abun da na gani yana kashe binciken yaranmu shi ne wannan rarrabewar, mutum ya je ya auna ƙara ko ƙura a gefen titi ya dawo ya rubuta jirgi ne. Duk abun da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake tafiya.

Kafin ka sayi komai, buɗe Google Earth ka kalli filin jirgin daga sama. Titin tashi da sauka guda ɗaya ne, tsawonsa wajen kilomita 3.6, za ka ga lamba 04 a baki ɗaya, 22 a ɗaya bakin. Lambobin nan kusurwa suke nunawa, 04 yana nufin jirgi ya fuskanci wajen digiri 40 wato arewa maso gabas, 22 kuma wajen digiri 220 wato kudu maso yamma. Jirgi ya fi son ya tashi ya sauka yana fuskantar iska, mu kuma nan da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, da hunturu ta juyo daga arewa maso gabas, kaga kenan ƙauyen da ke shan ƙarar sauka a wani lokaci zai iya zama mai shan ƙarar tashi a wani lokacin, kuma ba iri ɗaya suke ba. Ka ja layi miƙaƙƙe daga kowane bakin titin ka tsawaita shi kamar kilomita 10, duk gari ko makaranta ko asibitin da layin nan ya ratsa su ne mutanenka. Kar ka ɗauka duk wanda ke hanyar eyafot abun ya shafe shi daidai da kowa, wani yana kusa da filin amma a gefe yake, wani yana nesa amma jirgi ta saman rufinsa yake bi.

Wuri uku ko huɗu sun ishe ka, amma dole ɗaya ya zama wurin kwatanci, wato unguwa mai kama da sauran a yawan jama'a da titi da janareta amma jirgi ba ya bi ta kanta. In babu wannan, duk lambar da ka kawo sufabaiza mai hankali zai tambaye ka idan aka kwatanta da me, kuma ba ka da amsa.

Maganar izini kuma dan Allah kar ka yi wasa da ita. Filin jirgi wuri ne na tsaro, akwai sojojin sama a wajen, mutum ya tsaya kusa da shinge da wata na'ura a kan ƙafa uku yana kallon sama yana rubutu, ka san abun da zai biyo baya. Ka karɓi takarda daga shugaban sashenku mai hatimi, ka yi kwafi da yawa, katin makaranta a wuya, kar ka ɗauki hoton shinge ko jami'ai, jirgi mara matuƙi kuwa ko a mafarki. Aikinka ma ba ya buƙatar ka shiga ciki, a unguwa yake. A unguwar kuma ka fara da mai unguwa ko sarkin garin, yawancin ƙauyukan wajen na Gbagyi ne kuma akwai zancen filaye da diyya da ya daɗe yana damunsu, musamman tunda aka taso da maganar titin jirgi na biyu, don haka baƙo da littafi da biro ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen fili. Wani dattijo da muka je gaishe shi abun da ya fara tambayata kenan, ya ce yaro auna fili kuka zo yi? Na ce a'a ranka ya daɗe, ƙarar jirgi muka zo aunawa, na miƙa mai mitar ya riƙe da hannunsa, ana cikin haka jirgi ya taho ya ga lambar tana hawa tana hawa sannan ta sauko. Shi da kansa ya sa aka ba mu benci a ƙofar gidansa har muka gama.

Yanzu ƙarar kanta, nan ne zan daɗe don nan ne ɗalibi zai iya yin aiki mai kyau da kuɗi kaɗan. In sashenku na da mitar auna ƙara ta gaske ka aro, wadda aka rubuta aji na 1 ko aji na 2 a jikinta, tare da ɗan abun saita ta da ake ɗora mata a baki yana fitar da desibel 94, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. In babu, waya za ta iya, akwai manhajar NIOSH ta auna ƙara amma a iPhone kawai take, wayoyin Android kuwa makirfon kowace daban ne shi ya sa lambobinsu ba sa haɗuwa. Duk wadda za ka yi amfani da ita, ka ajiye ta gefe da gefe da mita ta gaske ko na awa ɗaya ne ka rubuta bambancin, kuma waya ɗaya tak daga farko har ƙarshe, kar yau taka gobe ta abokinka. Ka sa ta a kan dBA, shi ne ma'aunin da ya yi kusa da yadda kunnen mutum ke ji. Tsayi daga ƙasa kamar mita 1.5, ka matsa daga bango aƙalla mita uku da rabi saboda amsa kuwwa, ka sa mata ɗan soson nan a baki don iska, in ana ruwa ko iska mai ƙarfi ka tattara kayanka ranar ta tafi.

Mutum biyu ake so. Ɗaya yana kan mita, ɗaya yana kan Flightradar24, manhajar da ke nuna jiragen da ke sama a taswira, da littafi, duk jirgin da ya wuce a rubuta lokaci har da minti, irin jirgin, tashi ne ko sauka, lambar da mita ta kai mafi sama, da lambar da take kai kafin ya zo. Ka sani ba kowane jirgi ke fitowa a manhajar ba, na soja da wasu ƙananan sau da yawa ba za ka gansu ba, waɗannan ka rubuta su da abun da idonka ya gani. Sannan layi na ƙarshe a littafin, wanda ya fi kowane muhimmanci, me kuma ke ƙara a wannan mintin. Ni na taɓa asarar yamma guda cur a kan wannan, mun zauna a wani tsakar gida lambobi suna ta fitowa da kyau, ashe da aka ɗauke wuta maƙwabci ya tada janareta a bayan katanga, mu hankalinmu na sama ba mu rubuta lokacin ba, da na dawo gida na kasa gane inda janareta ya shiga da inda ya fita, dole na zubar da duka na ranar. Tun daga nan ko akuya ce ta yi kuka kusa da mita sai na rubuta. Kiran salla, ɗan acaɓa, mai tallan ruwa, injin markaɗe, duk a rubuta, in ya haɗu da wucewar jirgi a soke wannan jirgin.

Sai lissafi, inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Desibel ba a tara shi a raba kamar kuɗin cefane. Janareta biyu kowane na ba da 70, in ka kunna su tare 73 za ka samu, ƙarin 3 na nufin ƙarfin ƙarar ya ninka, ƙarin 10 kuma kunne na jinsa kamar ninki biyu. Bari in ba ka misali na lissafi kawai. A ce cikin awa ɗaya minti 59 unguwa na kan 50, minti ɗaya jirgi ya kai ta 85. In ka tara ka raba da 60 za ka samu 50.6, ka ce ai babu komai. Amma in ka bi hanyar da ta dace, ka mayar da kowace lamba ƙarfi wato 10 a ɗaga ta zuwa lambar bisa 10, ka ɗauki matsakaici, sannan ka dawo da ita desibel, wajen 67 za ka samu. Minti ɗaya ya ɗaga awa guda da desibel 17. Excel zai maka wannan cikin sauƙi, mita mai kyau ma da kanta take bayarwa, shi ne wanda ake rubutawa LAeq.

In ka zo kwatantawa da ƙa'ida, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara don ƙasashen Turai cewa ƙarar jirgi kar ta wuce desibel 45 a ma'aunin Lden, da dare kuma kar ta wuce 40. Lden ɗin nan matsakaici ne na dogon lokaci da ake ƙara wa yamma 5, a ƙara wa dare 10, saboda ƙarar dare ta fi cutarwa. Don haka kar ka ɗauki 85 ɗin da ka gani na daƙiƙa biyar ka ajiye gefen 45 ka ce an ninka ƙa'ida, abu biyu ne daban. Mu ma muna da namu, dokokin ƙara na 2009 da ke ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ka nemo su ka karanta jadawalin da idonka kar ka kwafa daga furojet ɗin wani. Kuma ka yi ƙoƙari ko dare biyu ne ka samu awon dare, ka roƙi wani mai gida ka kwana, don jiragen ƙasashen waje da yawa da dare ko da asuba suke motsi, lokacin da gari ya yi tsit.

Bayan mita sai mutane. Ka tsara tambayoyinka a KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi a waya, yana aiki ko babu netwok, ka fassara su Hausa, in da hali ka samu mai jin Gbagyi ya raka ka. Kar ka buɗe baki da jirgi na damunki ko Mama, ai za ta ce eh don ta faranta maka. Ka tambaye ta wace ƙara ce ta fi damunta a unguwar, ka bar ta ta lissafo da kanta, in jirgi ya fito toh, in janareta ne ya zo na ɗaya ka rubuta haka, sakamako ne shi ma. Za ka ji da yawa suna cewa ai mun saba, ka rubuta, amma ka bi da tambayar barci, sau nawa take farkawa, jariri na firgita, ana dakatar da magana a waya in jirgi ya zo. Mata ka samu mace ta shiga musu, da yamma bayan an sauke tukunya. Makaranta kuwa wuri ne mai daraja, ka nemi izinin hedimasta ka zauna a bayan aji ka ƙirga sau nawa malami ya yi shiru ya jira jirgi ya wuce da daƙiƙa nawa kowane ya ci. Akwai babban bincike da ake kira RANCH da ya fito a mujallar Lancet a 2005, an duba yara sama da 2,800 a makarantun da ke kusa da filayen jirgin Heathrow a Ingila, Schiphol a Holan da Barajas a Sifen, aka ga inda ƙarar jirgi ta fi yawa fahimtar karatun yara ta fi rauni. Kai ba za ka iya maimaita wannan ba, amma ƙirgen shirun malami abu ne da kowa zai gane. Zancen hawan jini kuma, eh binciken Turai ya alaƙanta shi da ƙarar jirgi ta dare, amma kar ka ɗauki abun awon jini ka shiga gidaje ba tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da ma'aikacin lafiya ba, kuma mutum talatin ba za su nuna maka jirgi ne ya jawo ba.

Iska ta fi wuya, gara in gaya maka gaskiya. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ke auna PM2.5, wato ƙura da hayaƙi masu laushi ƙwarai da ke yawo a iska, suna da amfani, amma a Abuja daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce za ta cika su, ga ƙona bola, ga itacen girki, ga hayaƙin manyan motoci a hanyar eyafot, ga ƙonan daji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce matsakaicin PM2.5 na yini kar ya wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita, da hunturu za ka iya wuce wannan ko a ƙauyen da bai taɓa ganin jirgi ba. Sannan abun da injin jirgi ya fi fitarwa ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, ƙasa da maikuron 0.1 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), na'urar araha kuwa daga wajen 0.3 take fara gani, wato abun da kake nema ma ba ta ganinsa. A 2014 masu bincike a Los Anjeles ta Amurka sun bi irin waɗannan ƙwayoyin da mota mai na'ura ta musamman, suka tarar yawansu ya ninka har nisan kilomita 16 a ɓangaren da iska ke kaɗawa daga filin jirgin. In sashenku ba shi da irin wannan na'urar kar ka yi alkawarin abun a taken furojet. Abun da za ka iya shi ne ka ajiye na'ura biyu a lokaci ɗaya, ɗaya ta inda iska ke fitowa kafin ta ratsa filin, ɗaya ta inda take fita, ka nemi bayanan iska daga NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ka kalli bambanci. In za ka samu ƴan bututun nan na auna NO2, wata gurɓatacciyar iska da injin jirgi da na mota ke fitarwa, waɗanda ake ratayewa sati biyu zuwa huɗu a kai ɗakin gwaji, su ma haka za ka jera su, kuma ka rataye wasu a bakin babban titi don a ga rabon mota.

Hanya ta biyu ita ce lissafi daga yawan jirage, kuma ni na fi ba ɗalibi shawararta. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ICAO tana da ma'auni na abun da jirgi ke yi ƙasa da ƙafa 3,000, minti 26 yana tafiya a ƙasa da jira da injin a kashi 7 cikin 100 na ƙarfinsa, minti 4 na gangarowa sauka a kashi 30, minti 0.7 na tashi a cikakken ƙarfi, minti 2.2 na hawa a kashi 85. Akwai rumbun bayanan injina na ICAO a intanet kyauta, kowane inji da man da yake sha a kowane mataki da abun da yake fitarwa. Man jirgi dangin kananzir ne, kowane kilo ɗaya da ya ƙone yana ba da wajen kilo 3.16 na iskar kabon. Ka ƙirga jiragen sati guda da irinsu daga littafinka, ka ninka, ka samu kiyasi. Ka lura da minti 26 ɗin nan, in a Abuja ka ga jirage na daɗewa a layi saboda titi ɗaya ne ko an tsayar da kowa don tafiyar manya, ka auna lokacin da kanka daga manhajar ka sa naka, wannan kaɗai ya isa babi guda mai kyau.

Akwai kuma lokuta biyu da tarihi ya yi maka gwaji kyauta. A Maris 2017 an rufe filin jirgin Abuja sati shida don gyaran titi aka karkatar da jirage Kaduna, sannan a 2020 lokacin korona an dakatar da jiragen fasinja wata da watanni, na cikin gida suka dawo a Yuli, na waje a Satumba. Duk wanda ya zauna wajen a lokacin zai iya gaya maka yadda dare ya kasance, ka sa wannan a tambayoyinka. Tauraron Sentinel-5P da ke auna NO2 daga sama an harba shi ne a Oktoba 2017, don haka bai kama rufewar farko ba, ta 2020 ya kama, sai dai lokacin motoci ma sun tsaya, kaga matsalar rarrabewa ta sake dawowa, ka faɗe ta a rubutunka.

Ruwa da ƙasa zan wuce da sauri. In akwai rafi da ke ɗaukar ruwan sama daga filin, ka ɗebi samfur sama da ƙasa da inda ya shiga bayan ruwan farko na damina a gwada mai da maiƙo, kumfar kashe gobara ma tana da sinadaran PFAS masu daɗewa a ruwa amma gwajinsu tsada ne sosai. Bola da kwata suna tara tsuntsaye, tsuntsu kuma hatsari ne ga injin jirgi, shi ya sa ake duba duk abun da ke jawo su a cikin kilomita 13 daga filin, ka zana wannan da'irar a taswira ka sa duk jujin da ka gani. Kuma Google Earth na da tsofaffin hotuna, ka ja baya shekara goma sha biyar ka ga yadda gidaje suka yi ta matsowa ƙarƙashin layin da ka ja.

Takardun hukuma kuma haƙƙinka ne ka nema. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa babban aiki irin filin jirgi sai da rahoto, ana ajiye shi a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Yawan tashi da saukar jirage kuma hukumomin harkar jiragen sama, wato FAAN da NCAA da NAMA, ke da shi. Ka rubuta wasiƙa ƙarƙashin dokar ƴancin samun bayanai ta 2011, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ka faɗi takamaiman abun da kake so da shekarun, ka kai da hannu a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka kai ta tun satin farko, kar ka jira sai ka gama awo.

Wajen shawarwari a babi na biyar kar ka rubuta gwamnati ta ɗauki mataki ka tsaya. Tun 2001 ICAO ta tsara hanyoyi huɗu, rage ƙara daga injin kansa, tsara amfani da filayen kewaye, canza yadda ake tashi da sauka, sai taƙaita zirga-zirga in sauran sun gaza. Ka duba wanne ne lambobinka suka nuna, in makaranta ce a ƙarƙashin layi ka ambaci ajin da rufinsa kwano ne babu silin. In an sa hannu a furojet ɗin ka buga shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, da taswirar da lambobin unguwarsu, ka kai wa mai unguwar da ya ba ka benci da hedimastan da ya bar ka ka zauna a bayan aji, ka ajiye littafin awon naka na asali kuma kar ka yar, wanda zai zo bayan an gina titi na biyu zai buƙace shi.